Ka Zo da Yunwa

Sai da jirgin ƙasan ya wuce Rotterdam sannan Ruurd Postma ya daina lalubar ƙarƙashin kujera da dunduniyarsa. Babu komai a wurin. Shi da kansa ya bar jakar a kan teburin kicin, ya kulle ƙofa, ya dawo ya buɗe ya sake kallonta, sannan ya fita. Ƙafar ce dai ba a sanar da ita ba.

Shekara goma sha tara rabonsa da yin tafiyar da ta wuce awa ɗaya ba tare da shuɗiyar jakar nan ba. Duk wanda ya zauna da masu cin ɗanye ya san tafiyarsu tafiyar ƙaura ce. Ga ƙaramar wuƙa, ga katakon yanka, ga cokali, ga kwalbar tsiron wake da ake ɗaurayewa safe da yamma, ga dabino da kashu da ya kwana a ruwa, sai ayaba uku da aka zaɓa da lissafi, ɗaya ta nuna yau, ɗaya gobe, ɗaya jibi. Ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba kuma abin da zafinsa ya taɓa wuce digiri arba'in da biyu. Ruurd aikin auna ruwa ya yi a madatsai har ya yi ritaya, don haka dokar da ke da lamba a jikinta ba ta taɓa yi masa nauyi ba. Ya san tashar da ake samun nunanniyar fiya, ya san wadda in yunwa ta kama ka a cikinta sai dai ka ci tuffa ka ba wa cikinka haƙuri.

Yau kuwa daga shi sai kati ɗaya a aljihun kwat. Mako uku ke nan da zuwan katin, ya karanta shi har gefensa ya yi laushi. An rubuta sunan wani ƙaramin gidan abinci a Harlingen, da ranar Asabar, da ƙarfe biyu. A ƙasa kuma aka ce: "Ka zo da yunwa. Marrit." Ba gaisuwa, ba ta ma kira shi Heit ba, wato Baba a yarensu, yadda ta saba kiransa tun tana koyon magana. Amma dai rubutun 'yarsa ne, ita kaɗai yake da ita, kuma shekara tara ke nan bai sa ta a ido ba.

A Zwolle ya sauya jirgi. Wata dattijuwa mai jan hula ta zauna a gabansa, ta ɗora jakarta a cinya, kuma da agogo ya nuna sha biyu da rabi ta warware takardar burodinta mai cuku. Cikin Ruurd ya yi wani irin kuka da har mutumin da ke kujerar baya ya waiwayo.

"Tabɗi," in ji matar. "Wannan ai ba ciki ba ne, kare ne ka haɗiye. Karɓi rabi."

"Na gode, ba na ci."

"Ba ka cin cuku?"

"Ba na cin burodin ma. An gasa shi."

Ta dube shi ta saman tabarau. "To da me ake yi wa burodi in ba a gasa shi ba? A shanya?"

"Haka muke yi," in ji Ruurd, ya ji kunyar yadda amsar ta fito masa da sauri. "Ɗanye nake ci. Abin da wuta ba ta taɓa ba."

"Kai, sannu. Zomo ke nan da kwat." Ta gatsa burodinta. "Ni sunana Griet. Ina da jika irinka, amma ita takan warke duk ranar Lahadi in na soya dankali. Ina jakar ciyawar taka? Na san ba kwa fita sai da ita."

"Na bar ta a gida. 'Yata ce ta ce in zo da yunwa."

Bai yi niyyar faɗa mata ba. Amma mutumin da za ka rabu da shi nan da minti hamsin ya fi kowa sauƙin gaya wa magana, sai ga shi yana ba ta labarin dankalin. Gidansa na Middelburg ba shi da murhu, tun ranar da ya tare ya sa aka cire. Kwana goma sha biyu da suka wuce ya ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarsa ƙofa ya ari ƙaramin risho na lantarki da tukunya, ya ce mata rini zai yi. Ya dafa dankali ɗaya. Ya zauna yana kallonsa har ya huce, sannan ya ci rubu'i. Washegari ya wuni riƙe da ciki. Rana ta uku ya ci rabi, rana ta shida ya ci guda da zafinsa, jiya kuwa har da karas dafaffe.

"Don kada in ba ta kunya," ya ce. "Duk abin da ta yi mana oda zan ci. Ba na son cikina ya tona min asiri a gaban mutane."

Griet ta yi dariya har ta dafe ƙirji. "Dattijo da furfurarsa yana koyon cin dankali a ɓoye! Ni mijina giya yake ɓoyewa a gareji." Ta goge ido, dariyar ta ragu. "Me ka yi wa yarinyar?"

Ruurd ya kalli taga. Filayen sun yi fari-fari da sanyi, tumaki sun taru wuri ɗaya.

Marrit tana shekara goma lokacin da ya fara. Ciwon ciki ne ya addabe shi, ya gwada ɗanyen abinci ya ji sauƙi, kuma Ruurd irin mutanen nan ne da in abu ya yi musu amfani sai sun ɗora wa kowa. Matarsa Ineke ta bi shi, ba don ta gamsu ba, don dai tana son zaman lafiya kuma tana son sa. Aka fitar da murhu, aka jera kwalaben tsiro a gurbinsa. Shekara goma bayan haka ciwon daji ya kama Ineke. Ba abincin ne ya jawo ba, likitoci sun faɗa, kuma ba abincin ne zai warkar ba, wannan ma sun faɗa. Ruurd ya ji ta farkon, ta biyun ya toshe kunne. Kullum yana zuwa asibiti da kwalbar ruwan ganye da ya matse da hannunsa.

Wata rana Ineke ta ce snert take sha'awa, faten busasshen koren waken nan da take yi musu duk hunturu kafin a fitar da murhu. Marrit ta je kicin ɗin wata ƙawarta ta dafa da ka, don ba ta san yadda ake yi ba, ta tsinka shi da ruwa yadda uwar za ta iya haɗiya, ta zuba a fulas ta kawo. Ruurd ya shigo ya tarar tana buɗewa. Bai yi ihu ba, bai taɓa zama mai ihu ba. Ya karɓi fulas ɗin a hankali, ya ce jikin Mem, haka Marrit ke kiran uwarta, yana cikin yaƙi, ba za a ɗora masa mataccen abinci ba, ya je wurin wanke hannu da ke ɗakin ya juye, ya buɗe famfo a kai. Ineke ta juya fuskarta bango. Kwana takwas bayan nan ta rasu. Marrit ta tsaya har aka gama jana'iza, ta ɗauki jakarta da fulas ɗin ta tafi.

"Na zubar mata da wani abinci," kawai ya ce wa Griet.

Ba ta matsa ba. Ta naɗe takardar burodinta gida huɗu ta mayar jaka. "To ai ka yi ƙoƙari. Su mutanen gidan abincin sun san da zuwanka?"

"Na kira su tun ranar da katin ya zo."

Wannan ita ce dokar farko ta masu cin ɗanye, ta ma fi ta digiri arba'in da biyun ƙarfi: ba a shiga gidan abinci sai an kira tukuna. In ba haka ba za a ajiye maka latas uku da rabin tumatir, ko kuma ka tsaya kana ja-in-ja da ma'aikaci kowa yana kallonka. Katin bai yi awa ɗaya a hannun Ruurd ba ya nemo lambar ya buga. Wani mutum mai sanyin murya ya ɗauka, Ruurd ya karanto masa sharuɗɗansa guda tara, yadda ya saba, har da batun man zaitun da ba a tatsa da zafi ba da gishirin da ba a tafasa ba. Mutumin ya ce ya rubuta duka. Sai bayan mako guda, yana cikin ɗauraye kwalba, ya tsaya cak ya sake tunanin abin da ake nufi da ya zo da yunwa.

"Ka sake kira ka soke ke nan," in ji Griet.

"A'a. Ba sai na kira ba. In na je zan ce wa ma'aikacin na canja shawara."

Jirgin ya fara rage gudu, gidajen Leeuwarden suka bayyana. Griet ta miƙe tana gyara hularta.

"Allah ya sa ma'aikacin mai sauƙin kai ne," ta ce.

Ƙarfe biyu saura kwata ya iso Harlingen. Iskar teku ta tare shi tun daga tasha, irin wadda ke shiga ta hannun riga ta fita ta wuya, kuma wanda ya shekara goma sha tara bai sa abu mai zafi a ciki ba ya fi kowa jin ta. Gidan abincin yana bakin mashigin ruwa, ƙarami ne, tebur goma, gilashin tagarsa ya yi gumi. Da ya tura ƙofa ƙamshi ya buge shi har sai da ya dafa bango. Wake ne da albasa mai ganye da seleri, sun daɗe a wuta tare. A kan allon da ke rataye an rubuta snert da alli, an kuma ja layi a kai, an sa "ya ƙare" a gefe.

Wani dogon mutum mai jan gemu ya nufo shi, ya kira shi da Meneer, wato Malam a yarensu. "Meneer Postma? Ni ne Douwe, ni na ɗauki wayarka." Ya karɓi kwat ɗinsa bai haɗa ido da shi ba. "Ga teburinka can bakin taga."

"Dama ina so in ce maka, batun abin da na faɗa a waya..."

"Tana zuwa," in ji Douwe, ya wuce.

Ruurd ya zauna yana fuskantar ƙofar titi, don ta nan yake sa ran ganinta. A teburin da ke kusa da shi wasu tsofaffi biyu suna kankare ƙasan kwanukansu da baƙin burodi. Sai ya ji ƙofar kicin ta buɗe a bayansa. Wata mata ta zagayo, gashinta a ɗaure, zanen girki a ƙugu, hannayenta sun yi ja saboda ruwan zafi. Goshin Ineke ne, tafiyar Ineke ce. Ta ajiye faranti a gabansa.

"Marrit." Ya yunƙura zai tashi, cinyarsa ta bugi tebur. "Nan kike aiki?"

"Nan nawa ne. Ni da Douwe. Mijina ne." Ta ja kujera ta zauna a gabansa. "Ga abincinka."

Bai taɓa ganin faranti irinsa ba a duk gidajen abincin da ya shiga. An fere karas siriri an naɗe, an murza kabeji da gishiri da lemon tsami har ya yi laushi, ga tuffa, ga tsiron wake, ga miyar kashu an zuba a gefe. Ta ciro wata takarda daga aljihu ta shimfiɗa kusa da farantin ta danne da yatsa. Rubutun Douwe ne, daga ɗaya zuwa tara.

"Na bi duka," ta ce. "Man ba a tatsa da zafi ba. Kashun ya jiƙa awa huɗu, na san ka fi son ya kwana, sai ka yi haƙuri, yau da safe na ga takardar. Na auna farantin, digiri goma sha ɗaya ne. Ba abin da ya mutu a ciki."

"Yau da safe?"

"Douwe bai san sunanka zai dame ni ba, Postma sun yi yawa a garin nan. Ya maƙale ta a shafin Asabar a littafin ajiye tebur, yadda muke yi wa kowa. Na buɗe shafin ƙarfe takwas."

Douwe yana can bayan kantar gidan yana goge kofin da ya riga ya bushe.

"Tun shekaranjiya na jiƙa waken," in ji Marrit. Muryarta a daidaice take, irin ta uban. "Jiya na dafa, don ya kwana, ka san sai ya kwana cokali ke tsayawa a ciki. Ban sa nama ba, ko ƙashi ban sa ba, na ce wannan kam ba zan tilasta maka ba. Wuta kawai na roƙa ka yarda da ita. Sai na buɗe littafi na ga an riga an aiko min da amsa tun mako uku."

"Ba amsa ba ce. Ban san wurinki ba ne. Na ɗauka wani gidan abinci ne kawai."

"Na sani. Shi ne ai abin." Ta jingina. "'Yarka ta rubuto maka bayan shekara tara. Kafin ka zauna ka yi kuka, ko ka yi murna, ko ka ji tsoro, sai ka ɗauki waya ka tsare cikinka. A ranar, in ji Douwe. Ya rubuta kwanan watan."

Gaskiya ta faɗa, Ruurd ya sani. Da ƙarya ta yi masa da ya sami abin cewa.

"Na bar jakar a gida," ya ce daga baya. "Dubi, ba ni da komai. Kwana goma sha biyu ina cin dankali, Marrit. Dafaffe. Na ari risho a wurin maƙwabciya na ce mata rini zan yi."

Ta dube shi. Wani abu ya motsa a gefen bakinta, ya kusa zama dariya. "Rini."

"Shi ne ya zo min a baki."

"Kai da dankali." Ta girgiza kai, idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi. "To me ya hana ka sake kira? Minti ɗaya ne. Ka ce a yaga takardar nan."

"Na ga kamar ƙaramin abu ne."

"Kullum ƙaramin abu ne a wurinka. Fulas ɗaya ne kawai, ko ba haka ba?"

Tsofaffin nan biyu suka miƙe, suka yi wa Marrit godiya, ɗaya ya ce faten yau ya fi na kullum. Ta ce musu sai an jima. Da ƙofa ta rufe ba kowa a ɗakin sai su uku.

"Ina yake?" in ji Ruurd. "Zan ci. Yanzu ma zan ci, a gabanki."

"Na sayar. Ni ba na zubar da abinci." Ta nuna allon da haɓa. "Tun ƙarfe ɗaya ya ƙare."

Ta murza bakin takardar. Da ta sake magana sai muryar ta sauka.

"Ba don in gwada ka na kira ka ba, in ma haka kake zato. Ba ni da lokacin wannan. Mem ba ta taɓa rubuta yadda take yin sa ba. Tun ina 'yar shekara goma rabona da nata, abin da nake tunawa kawai akwai wani ɗanɗano a ƙarshe, bayan ka haɗiye. Na yi shi ya fi kala arba'in. Mutane suna yabawa, ni na san ba shi ba ne. Yayar Mem ce nake kai wa tana ɗanɗanawa, ita ma ta rasu a watan Oktoba." Ta ɗago ta dube shi. "Kai kaɗai ka rage a duniya da ka ci faten Mem da hankalinka. Shekara nawa kana ci? Sha biyar? Cewa na yi in zaunar da kai, in ba ka cokali, ka gaya min abin da babu a ciki. In ka yi min wannan, sai mu ga abin da zai biyo baya. Iyakar abin da na shirya ke nan."

"Marrit, abin da na yi a asibitin nan..."

"Kar ka fara. Ba yau ba. Da safe na shirya ji, yanzu ban shirya ba." Ta tura masa cokali mai yatsu. "Ci abincinka. Awa biyu na ɓata a kansa."

Ya ci. Yunwa yake ji ta gaske, kuma farantin ya yi daɗi, wannan ne ma ya fi yi masa ciwo. Yadda aka murza kabejin nan shi ya koya mata, tana tsaye a kan kujera don hannunta ya kai tebur, a kicin ɗin da ba murhu. Ba ta manta komai ba. Tana zaune tana kallonsa har ya cinye, ita ba ta sa komai a baki ba. Ya tambaye ta yaushe suka yi aure, ta ce shekara uku. Ya tambayi kasuwa, ta ce da sauƙi in an shiga bazara. Daga nan magana ta ƙare musu.

"Ina da girkin yamma," ta ce, ta ɗauki farantin. "Akwai jirgi ƙarfe huɗu saura."

Douwe ya riƙe masa kwat ya sa. A hankali ya ce, "Da na san kai ne, da na nuna mata tun ranar."

"Ba laifinka ba ne. Abin da na faɗa ka rubuta."

Har ya kama ƙofa ya ji ta ce, "Tsaya." Ta fito daga kicin da fulas a hannu, mai faɗin baki, ja, gefensa a lotse. Ruurd ya gane shi tun kafin ta ƙaraso. Shi ne ya lotsa shi, ranar da ya ajiye shi da ƙarfi a bakin famfo.

"Ba don kai na ajiye ba," ta ce. "Nawa ne na rana, na kasa ci. Na ɗumama." Ta tura masa a ƙirji sai da ya riƙe da hannu biyu. "In zubarwa za ka yi, ka bari sai jirgi ya tashi. Garin nan ƙarami ne."

"In na ci fa?"

"In ka ci ka san tambayar." Ta juya, ƙofar kicin ta yi ta kaɗawa a bayanta.

Taragon ba mutane sosai, wata mata da kwamfuta a cinya, sai wasu ma'aurata da kare. Ruurd ya bari har Harlingen ta ɓace sannan ya murɗe murfin. Tururi ya taso masa a fuska. Ya kai hannu ƙarƙashin kujera zai ɗauko cokali, hannun ya dawo wayam. Shekara goma sha tara yana yawo da cokali a ƙasar nan, yau ce ranar da ya bar shi a gida.

Ya karkata fulas ɗin a baki, faten ya ƙi motsi. Ta yi shi da kauri yadda ake yi, ba irin tsinkakken da ya bi ramin famfo cikin daƙiƙa uku ba. Wannan ko mutum ya so zubarwa sai ya sha wahala. Ya dubi matar mai kwamfuta, ya dubi masu karen, sannan ya naɗe hannun riga ya tsoma yatsu biyu. Faten ya ƙona shi. Ya kai baki, ya ƙone harshen ma. Matar ta ɗago ta kalle shi ta yi sauri ta mayar da kanta ƙasa.

Ya rufe ido ya jira ɗanɗanon ƙarshen, wanda ke zuwa bayan an haɗiye.

Komai ya dawo masa. Ya ga tagar tsohon kicin ɗinsu ta yi gumi, ya ga bayan Ineke da igiyar zanen girkinta da ba ta taɓa ɗaurawa daidai ba, rediyo yana ba da labarin tseren kan ƙanƙara, Marrit tana kafa cokali a tsakiyar kwano tana ƙirga daƙiƙa nawa zai yi a tsaye. Ya tuna launin tukunyar, har da murfinta mai tsaga. Ya sake tsoma yatsu, ya sake jira. Akwai gishiri, akwai seleri, akwai ɗumi da ke sauka har ƙirji ya bazu, ɗumin da Ineke ta roƙa tana kwance ya hana ta. Amma ko akwai abin da babu, bai sani ba. Ya neme shi ta kowace kusurwa bai same shi ba. Shekara goma sha biyar yana cin faten matar nan, sannan ya shekara goma sha tara yana koya wa harshensa cewa guba ne, harshen kuma ya yi biyayya. Abu ɗaya 'yarsa ta nema a wurinsa, shi ma ashe ya zubar da shi tuntuni.

Ya yi kuka, ba mai sauti ba, yana ci yana yi, har yatsunsa suka daina kai wa ƙasan fulas ɗin. Karen ma'auratan ya matso yana shinshina, suka janye shi.

Ya yi tunanin ƙarya. Zai iya cewa ganye kaza ne, ko ɗan tsami, ko barkono, ba mai ƙaryata shi a duniya. Za ta gwada, wataƙila ma ta yarda. Ya riƙe wannan tunanin daga Leeuwarden har kusan Zwolle, sannan ya goge yatsunsa da hankici ya ciro waya. Lambar tana nan tun mako uku da suka wuce.

"Douwe ne? Ruurd Postma ne."

"Meneer Postma. Ka manta wani abu?"

"A'a. Ka gaya mata na ci. Ka ce mata ban gane abin da babu ba. Ban tuna ba, gaskiyar ke nan." Ya dubi fulas ɗin. "Ka ce wataƙila sai na sake ci. Ban yi alkawarin zan tuna ba."

Ya ji ƙarar tukwane daga can ciki, da ruwa yana zuba.

"Littafin yana kusa da kai?" in ji Ruurd. "Asabar mai zuwa, ƙarfe biyu, mutum ɗaya. Zan kawo fulas ɗin."

"Me zan rubuta a gefen sunan? Me mutumin yake ci?"

"Abin da aka ba shi."

Douwe ya rufe bakin wayar da hannu. Ruurd ya ji muryarsa a dushe, sai muryar mace ta faɗi wata gajeriyar magana da bai kama ba. Jirgin ya fara rage gudu. Ya matse fulas ɗin a cinyarsa, har yanzu da sauran ɗumi a jikinsa.

"Meneer Postma, kana nan?"

"Ina nan."

"Ta ce in rubuta," in ji Douwe. "Amma da fensir, mai goguwa."